Daga Yamai zuwa Jidda a jirgin sama: nisan hanya da tsawon tafiya

Duk shekara idan watan Zulƙida ya kama, akan ji tambaya guda a gidajen maniyyata: awa nawa za a yi a sama kafin a sauka ƙasa mai tsarki? Wani ya ce awa uku da rabi. Wani ya ce bakwai da rabi, shi a takarda ya gani da idonsa. Wani alhaji kuma ya ce kwana biyu ya yi kafin ya ga Makka. Mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai kowanensu abu dabam ya ƙidaya.

An rubuta wannan bayani ne domin ku iya yin lissafin da kanku. Ko ku ne za ku tafi hajji ko umara, ko tsohonku ko tsohuwarku za ku raka, sanin nisan hanya da lokacin da take ci zai taimake ku wajen shirin guzuri, da shan magani kan lokaci, da zaɓen tikiti. Zai kuma kwantar da hankalin waɗanda aka bari a gida. Ku samo takarda da alƙalami, domin akwai ɗan lissafi a gaba. Ba mai wuya ba ne.

Nisan hanya

Filin jirgin saman Yamai yana ɗauke da sunan Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. An sabunta ginin a 2019. Na Jidda kuwa sunansa filin Sarki Abdul'aziz. An buɗe shi a 1981, yana arewa da garin, kuma a cikinsa akwai sashe na musamman na alhazai mai rufi kamar fararen tantuna.

Tsakanin waɗannan filaye biyu akwai kimanin kilomita 4,000, idan aka auna miƙe ba kwana. Domin ku gane girman wannan adadi, ku gwada shi da hanyar da kuka sani. Daga Yamai zuwa Maradi bisa kwalta kimanin kilomita 660 ne. Sai kun yi wannan tafiya sau shida sannan ku kusa cika 4,000. Daga Yamai zuwa Damagaram kuwa kusan 900 ne, wato sai an yi ta sau huɗu da rabi. Kewayen duniya gaba ɗaya kimanin kilomita 40,000 ne. Ke nan wanda ya tashi daga Yamai ya sauka Jidda ya ci kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya.

Wasu jiragen alhazai a Madina suke sauka. Nisan bai bambanta sosai ba, kimanin kilomita 4,100 ne.

Yaya ake auna “miƙe” a bisa duniya? Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma, dunƙulalliya ce kamar duma. Ku ɗauki duma ko kankana, ku ɗiga alama biyu da gawayi, ku ja zare daga wannan zuwa waccan har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Idan aka zana wannan hanya bisa taswirar takarda, sai a ga kamar ta ɗan lanƙwasa wajen arewa. Ba lanƙwasa ta yi ba, takardar ce ta baje abin da yake dunƙule.

Ta ina zaren ya bi?

Daga Yamai yana fuskantar gabas, yana ɗan karkata arewa. Yana wucewa kusa da Tawa, ta kudancinta. Yana ratsawa tsakanin Tanut da Agadas, ya shiga hamadar Tenere, ya faɗa arewacin Chadi ta wajen Faya. Daga nan sai arewacin Sudan, inda yake ƙetare kogin Nilu arewa da Dongola, sannan ya kai bakin Bahar Maliya. Yana ƙetare tekun, sai ga Jidda a gaɓa. Mafi yawan hanyar rairayi ne da duwatsu. Wanda ya samu kujera kusa da taga da rana zai yi awoyi bai ga gona ko guda ba.

Kakanninmu ba ta nan suke bi ba, domin babu ruwa. Su hanyarsu ta fi karkata kudu: Borno, Wadai, Darfur, su ƙetare Nilu, su kai tashar ruwa ta Sawakin, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A ce ayari yana cin kilomita 30 a wuni. Kilomita 4,000 za su ɗauke shi fiye da kwana 130, ba hutu, ba ciwo, ba yankewar guzuri. Amma guzuri kan yanke. Sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago damina guda ko biyu, sannan ya ci gaba. Shi ya sa tafiyar kan ci shekaru, shi ya sa kuma har yau akwai garuruwan Hausawa a Sudan, irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da yawa daga cikin mutanen irin waɗannan garuruwa jikokin matafiya ne da suka nufi gabas suka zauna a hanya.

Lissafin awoyi

Babban jirgin fasinja, idan ya gama hawa ya daidaita, yana gudun kimanin kilomita 850 a awa guda. Wato kilomita 14 a minti guda. Daga Yamai zuwa Doso kimanin kilomita 140 ne, jirgi minti 10 ya ishe shi.

To, ga lissafi. Ku raba nisa da gudu: 4,000 a raba 850, an samu 4 da ɗoriya, wato awa 4 da kusan minti 40.

Amma ba nan lissafin ya tsaya ba. Jirgi ba ya fara wannan gudu tun daga ƙasa. Sai ya bar inda aka ajiye shi, ya gangara sannu a hankali zuwa kan titinsa, ya jira izini. Idan ya tashi, yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 30 yana hawa, har ya kai tsayin kilomita 10 zuwa 12. Wajen sauka ma haka, tun da sauran nisa yake rage gudu yana gangarowa. A lokacin hajji kuma jirage suna da yawa a samaniyar Jidda, wani lokaci sai an sa jirgi ya yi shawagi kafin layi ya zo kansa. Idan aka haɗa duka, tafiya kai tsaye daga Yamai zuwa Jidda takan ci awa 5 zuwa 5 da rabi.

Ku riƙe wannan ma'auni, zai yi muku amfani a kowace tafiya: kowane kilomita 850 awa guda ne, sannan a ƙara rabin awa ko fiye na tashi da sauka.

A cikin wasu jirage akwai ɗan allo a bayan kujera mai nuna inda aka kai. Wani lokaci da mil yake ƙidaya, ba da kilomita ba. Mil guda kilomita 1 ne da mita 600 da ƴan kai. Saboda haka in kun ga an rubuta 2,500, ba hanyar ce ta rage ba, ita ce dai 4,000 ɗin da wani ma'auni.

Agogon Nijar da agogon Saudiyya

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka mu tsaya a kai.

Kun san cewa da azumi mutanen Damagaram suna riga na Yamai shan ruwa da kusan rabin awa, na Difa kuma sun fi haka. Dalili shi ne rana ta gabas take fitowa, wanda ke gabas shi ke riga ganin fitowarta, shi ke riga ganin faɗuwarta. Masana sun raba kewayen duniya gida 360, kowane gida ana kiran sa digiri. Duniya tana juyawa sau guda cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, ko digiri guda a minti 4. Tsakanin Yamai da Damagaram digiri 7 ne, sau 4 ya ba da minti 28. Ga rabin awar nan ta shan ruwa. Tsakanin Yamai da Jidda kuwa digiri 37 ne, sau 4 ya ba da minti 148, kusan awa 2 da rabi.

Ba zai yiwu kowane gari ya riƙe nasa agogo ba, sai kowace ƙasa ta zaɓi lokaci guda. Nijar gaba ɗayanta agogo ɗaya take bi, daga Tera har Bilma. Saudiyya ma haka. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijar da awa 2 cif, rani da damina. Idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Maradi, a Makka ƙarfe 2 ce.

Ga abin da ya kamata ku sani game da tikiti, wanda wasu ke kira biye: kowane lokaci da aka rubuta a kai, lokacin garin da aka ambata ne. Lokacin tashi na garin tashi ne. Lokacin sauka na garin sauka ne.

Mu ɗauki misali. A ce jirgi ya tashi daga Yamai ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 5 da rabi a sama. Agogon hannunku, in ba ku taɓa shi ba, zai nuna 3 da rabi na dare sa'ad da kuka sauka. Agogon bangon filin Jidda kuwa 5 da rabi na safe zai nuna, kuma shi za a rubuta a tikiti. Wanda ya duba 10 na dare da 5 da rabi na safe, sai ya ce tafiyar awa 7 da rabi ce. Ya ƙara awa 2 da ba a yi su a sama ba.

Wajen dawowa sai abin ya juya. A ce jirgi ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe. Bayan awa 5 da rabi, a Saudiyya 3 da rabi na yamma ce, a Yamai kuwa 1 da rabi na rana. Mai duba tikiti sai ya ga kamar awa 3 da rabi kawai aka yi. Jirgin bai ƙara gudu ba.

Ke nan wajen zuwa ku cire awa 2 daga abin da tikiti ya nuna, wajen dawowa ku ƙara 2. Ku gwada da kanku: jirgi ya tashi Yamai ƙarfe 8 na safe, tikiti ya ce zai sauka Jidda 3 da kwata na yamma. Awa nawa zai yi a sama? Daga 8 zuwa 3 da kwata awa 7 da kwata ne. A cire 2, saura 5 da kwata.

Wannan bambanci yana shafar ibada. Mai tafiya gabas darensa gajere ne. Asuba na iya riskar ku a sama alhali agogon hannunku yana nuna wajen ƙarfe 3 na dare. Mai zuwa umara da azumi, in da rana ya tashi, wuninsa zai rage wajen zuwa, ya ƙaru wajen dawowa. Abin lura shi ne faɗuwar rana a inda mutum yake, ba agogon garin da ya baro ba. Wanda ke can sama kuma yakan ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa.

Sauran alamomin tikiti

A tikiti ba a rubuta safe ko yamma. Ana ƙidaya awoyi daga 0 zuwa 23. Idan lambar ta wuce 12, ku cire 12, abin da ya rage na yamma ne ko na dare. 17h00 ita ce 5 na yamma, 22h00 ita ce 10 na dare. Ku kula ƙwarai da lokutan bayan tsakar dare. Idan an rubuta 01h30 ranar Talata, wannan daren Litinin ne wayewar Talata, don haka tun Litinin da dare za ku kasance a fili. Mutane kan rasa jirgi a kan wannan kuskure, su zo Talata da dare, jirgi ya kwana ya wuni da tafiya. Idan kuma kun ga +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarsa kashegari.

Kowane fili yana da suna na haruffa uku. Yamai NIM, Jidda JED, Madina MED. Za ku gan su a tikiti, za ku kuma gan su a takardar da ake liƙa wa jakarku. Kafin jaka ta wuce, ku duba haruffan da idonku. Wanda ya koyi karatu ko na wata uku ne zai iya wannan.

Jirgi ba kullum yake bin zaren ba

Samaniya ma tana da hanyoyi da iyakoki. Kowace ƙasa ita ke da iko da sararin da ke bisanta, kuma jirgi ba ya ratsawa sai da izini. Akwai ma'aikata a ƙasa da ke magana da matuƙi ta rediyo, suna faɗa masa hanya da tsayin da zai bi, suna miƙa shi daga hannu zuwa hannu. A Nijar da Chadi hukumar ASECNA ce ke wannan aiki. An kafa ta a 1959, tana kuma da makarantar horar da ma'aikata a Yamai.

Idan wata ƙasa ta rufe samaniyarta, dole jirage su kewaye. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, aka rufe samaniyar ƙasar. Kun ga kuwa zarenmu ta Sudan ya ratsa. A hajjin wannan shekara jiragen alhazan Afirka ta Yamma sai da suka yi zagaye, hanya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa. Ita ma Nijar ta rufe tata samaniya daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa kewaye ta. Da ma'aunin da muka bayar za ku iya ƙiyasta abin da zagaye ke jawowa: ƙarin kilomita 850, ƙarin awa guda. Babban jirgi mai ɗaukar mutum kamar 300 yana shan mai tan 5 zuwa 6 a awa, kuma a ƙarshe kuɗin wannan mai daga aljihun fasinja yake fita. Saboda haka kafin tafiyarku ku tambayi kamfanin da ya ɗauke ku awa nawa jirgin bana zai yi. Kada ku dogara da abin da alhajin shekarun baya ya faɗa muku.

Sai iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da hunturu ya san bambancin iska ta gaba da ta baya. Can sama iska ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da lokacin ɗari iskar sama takan taso daga yamma ta nufi gabas, sai ta tura mai zuwa Jidda, ta tare mai dawowa. Da damina sau da yawa takan juya ta taso daga gabas. A ce ƙarfinta kilomita 50 ne a awa. Jirgin da take turawa zai ci 900 a awa, wanda take tarewa 800. A hanyar kilomita 4,000 bambancin ya kai rabin awa. Tun da watan hajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, lokacin da alhazai ke tashi yana zagaya rani da damina da ɗari, iskar da suke tararwa ma tana sakewa.

A ƙasa kuma hazon hunturu da hadarin damina kan hana tashi ko sauka na ɗan lokaci. Idan matuƙi ya ƙi tashi saboda hadari, kada ku yi masa gunaguni.

Tikiti mai sauka a hanya

Jiragen hajji da ake ɗauka haya galibi kai tsaye suke tafiya. Mai zuwa umara ko fatauci kuwa sau da yawa sai ya sake jirgi a wata ƙasa. A nan lissafi yake canjawa ƙwarai.

Daga Yamai zuwa Adis Ababa ta Habasha kimanin kilomita 4,000 ne, daidai da nisan Jidda kanta. Daga can zuwa Jidda kuma akwai wasu 1,400. Jimla 5,400. Ta Istanbul ta Turkiyya: 4,000 a haɗa da kusan 2,400, jimla 6,400. Ta Kasabalanka ta Maroko abin ya fi haka, domin sai an yi arewa maso yamma kimanin kilomita 2,400, an ba Makka baya, sannan a juyo gabas a yi fiye da 4,700. Jimla ta wuce 7,000. Wasu jiragen kuma kan ɗan sauka a wani birnin maƙwabta su ɗauki fasinja kafin su miƙe.

Duk da haka ba nisan ne ya fi gajiyar da mutum ba, jiran jirgi na biyu ne. Yana iya zama awa 2, yana iya zama 10 ko fiye. Ku duba lokacin saukar jirgin farko da lokacin tashin na biyu. Su biyun da agogon gari guda aka rubuta su, don haka a nan ba a cirewa ba a ƙarawa. Habasha da Turkiyya agogonsu ɗaya da na Saudiyya, awa 2 gaba da namu. Da zarar kun sauka ku gyara agogonku, in ba haka ba kuna zaune kuna ganin da sauran awa 2, jirgi ya rufe ƙofa.

Jira gajere ƙwarai ma haɗari ne. Filin Istanbul ƙato ne, daga wata ƙofa zuwa wata sai mutum ya yi tafiyar da ta fi ta zuwa kasuwa daga bayan gari. Ga tsoho ko mai ciwon ƙafa, a ganinmu jiran da bai kai awa 2 ba bai isa ba. Ana iya roƙon keken guragu tun lokacin sayen tikiti, ma'aikaci ya tura mutum har ƙofar jirgi. Ba abin kunya ba ne. Tikitin da ya fi araha sau da yawa shi ne mai doguwar jira. Kafin ku biya, ku tambayi awoyin tafiyar gaba ɗaya, ku kuma tambaya ko jakarku za ta wuce kai tsaye har Jidda.

Tafiya ba a fili take farawa ba

Mu ɗauki mutumin Damagaram wanda aka ce daga Yamai jirginsa zai tashi. Bas mai cin kilomita 70 a awa, in aka haɗa da tsaye-tsaye, zai yi kusan awa 13 a hanya. Wato zuwa Yamai kaɗai ya ninka tafiyar Jidda sau biyu da ɗoriya. Abin dariya a ciki shi ne yamma ya yi, ya ƙara nisa da Makka, domin daga Damagaram zuwa Jidda miƙe kimanin kilomita 3,300 ne kawai. Bayan ƙasa da awa guda da tashi, jirgi zai wuce da shi ta arewacin garinsu.

A Yamai zai kwana, watakila fiye da dare guda. Ga jirgin ƙasa da ƙasa ana son fasinja ya iso fili awa 3 kafin tashi. Maniyyata kuwa akan kira su tun kafin haka, domin awon kaya da duba fasfo da biza da katin rigakafi na ɗaruruwan mutane ba ya ƙarewa da wuri. Ranar tashi da lokacinta, daga hukumar shirya hajji da umara, wato COHO, da kamfaninku za ku ji su, ba daga ji-ta-ji-ta ba. Allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema, ana son a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, don haka ita ma ku sa ta cikin lissafin kwanaki, tare da ta shawara da maganin shan inna.

A Jidda, fita daga sashen alhazai kan ɗauki awoyi, musamman idan jirage da yawa sun sauka a jere. Daga fili zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, kamar awa 2 a bas in babu cunkoso. Zuwa Madina ya wuce kilomita 400, awa 5 zuwa 6. Ku haɗa duka, za ku ga alhajin da ya ce kwana biyu ya yi bai ƙara gishiri ba.

Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka, batun harami yana gabansa tun yana sama. Ma'aikatan jirgi kan yi sanarwa idan an kusa daidai da miƙati. Amma ku tuna jirgi kilomita 14 yake ci a minti guda, ga mutane ɗaruruwa, ga ban-ɗaki kaɗan. Ba a nan ake fara neman mayafi ba. Ku tambayi malamin tawagarku tun a gida yadda za ku yi, ku sa kayan harami a jakar hannu ko ku ɗaura su kafin shiga. Wanda ya sauka Madina kuwa miƙatinsa Zul Hulaifa ne, kusa da garin, sai ranar da zai nufi Makka.

Jikinku a cikin awoyin nan

A tsayin da jirgi ke tafiya, sanyin waje yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, iskar kuma ba ta isa numfashi. Na'ura ce ke daidaita iskar ciki, ta mai da ita kamar ta bisa dutse mai tsayin mita 2,000, kwatankwacin ƙololuwar Bagzan a Abzin. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai bushewar maƙogwaro, domin iskar ba ta da laima. Ku riƙa shan ruwa. Tsofaffi da yawa kan ƙi sha don gudun shiga ban-ɗakin jirgi, su sauka a galabaice cikin zafin Jidda. Gara ku roƙi ma'aikaci ya nuna muku yadda ake buɗe ƙofar da yadda ake kora ruwa. Aikinsu ne.

Zama wuri guda awa 5 yana sa jini ya taru a ƙafa, wani lokaci har ya daskare a jijiya. Ku riƙa motsa yatsu da idon sawu kuna zaune, ku tashi ku ɗan taka idan fitilar ɗamara ta mutu. Wajen sauka kunne kan toshe. Hamma ko haɗiyar miyau na buɗe shi.

Maganin da kuke sha kullum ya kasance a jakar hannu, cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Jakar da aka auna ba za ku sake ganin ta ba sai an sauka, wani lokaci ma sai ta makara. Mai ciwon suga da ke yin allura, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, su je likita kafin tafiya su nuna wa lokotoro lokutan da ke kan tikiti, ya tsara musu yadda za su matsar da lokacin magani da awa 2 ɗin nan. Kada kuma ku karɓi saƙon kowa a fili, ko da ya ce magani ne zai aika wa ɗan'uwansa. Hukuncin shiga da ƙwaya Saudiyya yana kaiwa har kisa.

Abin da za ku faɗa wa mutanen gida

Kafin ku fita, ku rubuta musu lokacin tashi da lokacin sauka da agogon Nijar, ku bar takardar a hannun wanda ya iya karatu. Ku gaya musu cewa waya ba ta aiki a sama, kuma bayan sauka sai an bi layin fasfo, an nemo kaya, an samu layin waya na can, kafin a iya kira. Idan jirgi ya tashi 10 na dare, kada su fara zullumi da asuba. Su ba ku har azahar. Ku bar musu lambar jagoran tawaga da ta kamfanin da ya ɗauke ku. In za su kira ku bayan kun isa, su ƙara awa 2 a kan agogonsu kafin su danna: ƙarfe 10 na dare a Tawa, sha biyun dare ce a Makka, alhaji ya riga ya kwanta.